Filifar Barmo

Ran Juma'a bayan la'asar, a Sabon Gari,
Barmo ya yaye tsohon bargo daga kan abin da ya ƙera.
Wata bakwai yana kulle shago da rana tsaka,
ashe wannan ne.
Filifa, in ji shi. Ƴan fada suka aje kofin shayi suka tafa.
Ni ban tafa ba.
Ni na koya masa narka dalma a kan waya,
sai na sa tabarau, na duƙa.

Ƙafafun tsohon gadon asibiti ne, ɗaya ta gaza,
ya cusa mata marfin kwalba uku.
To, mu bar wannan.

Gangaren ya yi yawa, Barmo.
Ƙwayar nan tana saukowa kamar Gulbi a tsakiyar damina,
ba ta tsayawa ko gaisuwa.
Na gane ta ma, boris ɗin tirela ce,
ta fi ƙarfin fikafikan da ka ba ta.
Na dama yana da zuciya, ban ƙi ba.
Na hagu kuwa sai ya yi shawara,
kafin ya ɗaga an shafa fatiha.
Ga tazarar da ke tsakaninsu,
akuya mai ciki sai ta wuce ba ta goga ba.
Wannan wasa ne ko shingen duwan?
Ka biya, ka ƙyafta ido, a ce na gaba.

Zanen Jadi ne, daga nesa na san hannunsa.
Wai tafkin Madarunfa.
Ruwan ya yi kyau, kifin ya yi kyau,
amma wa ya taɓa ganin raƙumi cikin kwalekwale
har da gilashin rana?
Fitilu talatin da biyu, duka ja,
ido na neman ƙwaya yana cin karo da gobara.
Ƙararrawar keke a gwangwanin tumatir, wannan dabara ce,
sai ka ɓata ta da ƙahon kabu-kabu
mai tsorata kajin maƙwabta.

Allon maki kuma maƙaryaci ne.
Miliyan uku ya rubuta wa ɗan Nomau,
yaron da ko dala biyar ta ƙosai babu a aljihunsa.
Ƙidaya da ɗaya-ɗaya laifi ce?
Kuma akwatin akwai saurin fushi:
motar gawayi ta wuce a titi, ƙasa ta ɗan motsa,
ya ɗauka girgiza shi aka yi, ya ƙame.
Da wuta ta ɗauke, ya manta kowa da komai
kamar mai cin bashi.

Duk na faɗa masa, a gaban jama'a.
Bai ce uffan ba. Ya miƙo mini dala ashirin.

Na ja sandar, na saki.
Can sama ta hagu akwai rabin bututun ruwa
da ya lanƙwasa kamar wuyan zalɓe.
Ƙwaya ta hau, ta shige wani ɗan rumbu na kwano,
ta ɓace.
Shiru.
Na ƙirga ɗaya, biyu, har na buɗe baki zan ce ta maƙale,
sai ga ta ta ɓullo ta dama, ta bayan raƙumin,
a hankali, kamar mai dawowa daga unguwa,
ta sauka daidai kan fiffiken kirki.

Shekara arba'in ina buɗe cikin rediyo da agogo.
Na leƙa ta ƙasa, na haska da tocila,
ban ga ta inda ta bi ba.

Cima ta aiko ni sayen kayan miya.
Da aka kira magariba saura dala goma a hannuna,
tattasai kawai na kai gida.
Gangaren dai ya yi yawa, ina nan kan bakana.
Gobe zan koma da sukurdireba,
in ya yarda in cire murfin baya.